Dalilin da Ya Sa Ban Ɗauki Ebenezer Ba

Zuru, Nuwamba 2006

Zuwa ga Yayana Philemon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anti Leah da yara, da aikin bariki a Fatakwal. Allah ya ci gaba da tsare ka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma zumuntar mata a coci, dawa kuma ta yi kyau bana.

Abokinka Markus ya kawo mini saƙonka, cewa ranka ya ɓaci don na hana Ebenezer, ƙanen matarka, aiki a ƙungiyarmu, na ba wata mace. Ba na son ka ji rabin zance. Ka san aikinmu raba gidan sauro ne da koya wa mata kula da jarirai. Mu duka a ofis cocinmu ɗaya, yarenmu ɗaya, kuma ban taɓa ganin aibin haka ba sai da muka je Bena. Mun tara dattawan wata unguwa, muka yanka akuya don girmama su, direbanmu Philip ne ya yanka. Aka zuba nama, suka yi ta godiya, ba wanda ya sa hannu. Ko yaro a Zuru ya san in za a ci tare, Musulmi ake kira ya yanka, amma ba wanda zai tuna mana. Mai unguwa ya ce za su yi shawara. Shawarar ke nan har damina ta wuce, gidajen sauro na jibge a sito, zazzaɓi na kwantar da yara.

Shi ya sa na ɗauki Maimuna, ungozoma 'yar garin. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, gidan da aka tsayar da mu a zaure ita har ɗaka take shiga. Ba zan ce komai sumul ba ne. Mun ɗage taron Juma'a zuwa Alhamis, Philip na ta gunaguni, ita kuma ta ce waƙoƙinmu na safe sun fi rani tsawo. Amma sito ya kusa zama wayam.

Ebenezer yaron kirki ne, takardunsa ma sun fi nata. Sai dai da yana nan ran Bena, da shi ma bai tuna ba. Anti Leah ta daina ɗaukar wayata, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ka lallashe ta, ku zo Kirsimeti kamar yadda kuka saba, Mama ta zuba ido.

Ka gaishe da Anti Leah, da yara Divine da Goodness. Akuyar Kirsimeti na nan ɗaure a bayan ɗaki. Bana mijin Maimuna ne zai yanka, kuma na ware wa Ebenezer cinya.

Ƙanwarka,
Keziah