Ƙarar da Hapsatu take ji a baya

Litinin, 6 ga Yuni, 1994
Alhamdu lillahi, motar ta tashi duk da ruwan jiya. Tun da aka rage mu a ofis ita ke ci da mu. Kilando dai, taksi ba takarda, amma ba sata ba ce. Na kai matata Hapsatu kasuwa, tana sauka ta ce, "Baban Latifa, in ka taka birki wani abu yana kuka a baya." Matar da ba ta san inda ake zuba mai ba. Ni ban ji komai ba.

Alhamis, 9 ga Yuni
Ta sake faɗa. Don a zauna lafiya na kwashe but kaf, jak da tsohuwar taya da galan. Na girgiza salansa, tana nan daram. Muka zagaya unguwar Nu Bel, na taka, ta ce ga shi nan. Na ce a kanki yake. Muka koma gida ranta a ɓace, ni ma abin bai min daɗi ba.
Fasinja kuwa sun yi wuya. Mutane tsaye a bakin hanya, ba mai kiran unguwar da za shi in tsaya masa. Talauci ne.

Asabar, 11 ga Yuni
Wata mata ta sauka tun kafin mu kai unguwar Logbaba, tana ta faɗa da Faransanci wai ba za ta mutu a gwangwanina ba.

Talata, 14 ga Yuni
Garejin Yusufa a unguwar Nilon. Hapsatu ta nace sai ta zo, wai ni me zan gaya masa. Ya ce, "Hajiya, yaya kukan yake?" Sai ga uwar 'ya'yana, da mayafinta, a gaban bakanike tana "ƙiiii... ƙwas!" Na so ƙasa ta tsage. Shi bai yi dariya ba. Ya tambaya ko a rami ma yana yi, ta ce a'a, sai an taka birki, kuma ta dama. Ya tuƙa a hankali ya ja birkin hannu, ta ce, "Shi ne." Ya ce to lalle a baya yake.
Ya cire tayar dama, ya buɗe tambur, kwanon ƙarfen da birkin ke ciki. Abin da ke kama tayar ya cinye ƙarƙaf, ƙarfe yana cin ƙarfe, ga wani sifirin ya tsinke yana yawo. Ya ce da ruwan nan, a gangara ɗaya sai dai wani labarin. Latifa a kujerar baya ta dama take zama in zan kai ta makaranta.
Allah na gode maka. Na gode.

Laraba, 15 ga Yuni
Jiya da zan tafi Yusufa ya ja ni gefe. Wai ya tsaya ta damana ya yi ta kirana, ban juyo ba. Ya ce, "Malam Abdulƙadir, ƙarar nan ko daga tsallaken titi ana ji." Na ce injin janaretonsa ne ya cika guri.
A ofis ma tebur ɗina kusa da inji yake, shekara da shekaru.

Lahadi, 19 ga Yuni
Na toshe kunnen hagu da yatsa lokacin kiran sallar la'asar, sai na daina jin ladan. Ban faɗa wa kowa ba.

Juma'a, 1 ga Yuli
Yanzu Hapsatu a gaba take zama da safe. Na ce mata don kada ruwan sama ya dake ta a hanya ne. In wani ya kira unguwa daga bakin titi sai ta taɓa min gwiwa, in danna hon, ya shigo. Ashe mutane suna kira. Yau har sau biyu muka cika zuwa Logbaba, da kujerarta a ciki.
Ba ta taɓa cewa "ai na gaya maka" ba. Allah ya saka mata, don ni ban san yadda zan ce ba.
Da muka zauna cin abinci na tarar ta mayar da tabarmarta ta haguna. Na ce can ɗin ma ya fi iska. Ta ce, "Haka ne, Baban Latifa." A hankali ta faɗa, kuma na ji.