Kwalbar Maganin Idon Baba

Kakangi, Birnin Gwari

Yaya Musa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Anti Rabi da yara, da ruwan Ikko? Mu nan lafiya lau, sai dai idon Baba.

Mun kai shi Kaduna a motar katako. Likita ya ce ba yanar ido ba ce. Ruwa ne ya taru a cikin idon yana danne jijiyar gani, shi ya sa yake cin karo da abin da ke gefensa. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa kullum ne zai tsare sauran.

To, ka san Baba da kyauta. Jiya na tarar da kwalbar wayam! Ashe duk wanda ya shigo zaure yana sosa ido, sai ya ɗiga masa. Na yi faɗa har da kuka. Ya ce, "Uwata, maƙwabci zai roƙe ni ɗigo ɗaya in hana shi?" Raina ya ɓaci, amma tausayi ya hana ni ƙarawa. Mutumin da ke hango amyar zuma a ƙolin bishiya cikin dajin Kamuku, yau laluben buta yake yi.

Kai da kake aiki a ɗakin binciken ciwon ido, tambayar mana manyanku ko an gano abin da ke kawo shi. Ka aiko da wata kwalbar, ni zan ɓoye ta. A duba naka idon ma, an ce yana bin jini.

Inna na gaishe ku. A sa mu a addu'a. Baba bai ce ka zo ba, amma kullum sai ya ɗauko hotonka, yana karkata kai har ya samo fuskarka. Kada ka jira sallah.

Ƙanwarka,
Hajara