Wata Ni da Ba Ta Hau Jirgi Ba

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ke da maigidanki. Ya ƙafar Inna? 'Yata ta daina tarin?

Ni lafiya lau, kar ku damu. Hannuwana ne kawai sabulu ya tsattsage, amma ana sabawa.

Jiya ina goge tagogin aji a jami'ar da nake shara, na ji malamin kimiyya yana ce wa ɗalibai wai mai yiwuwa akwai duniyoyi barkatai, duk hanyar da mutum ya bari a nan, a can ita ya bi. Suka yi dariya. Ni kuwa na sandare da tsumma a hannu. Ashe akwai wata ni da ba ta hau jirgi ba, tana zaune tana yi wa 'yarta kitso. Wallahi na tsane ta.

Ranar da na kira, na ji yarinyar ta ce miki, "Mama, ga Anti a waya." Ba ki gyara mata ba. Na sani, shekara shida ke ke riƙe da ita, Allah Ya saka miki. Amma in na sake kira, ki ba ta wayar, ki fita daga ɗakin.

Ki gaida Inna.

Yayarki