Kafin Mai Binciken Ta Kira Ka

Newport News, Virginia,
9 ga Afrilu.

Zuwa ga yayana Wendell,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Odessa da yara. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taka. Mu nan lafiya lau, Mama ta koma zuwa coci da ƙafarta, har tana faɗa da mawaƙa wai sun cika jan waƙa.

Yaya, ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Ka san ɗana Terrence ya samu ƙarin girma a ma'aikatar ƙera jiragen ruwan yaƙi, amma ba zai kama aikin ba sai gwamnati ta bincike shi ta ba shi izinin ganin sirrinta. A takardar da ya cike an tambaye shi ko ya sha ƙwaya ko wiwi cikin shekara bakwai. Ya rubuta a'a. Ni ban san ya rubuta haka ba.

Ranar Litinin mai binciken ta zo gidana, mace mai fara'a. Na ba ta shayi mai ƙanƙara, hira ta yi daɗi. Ka san bakina. Don in wanke yaron, sai na ce mata bai taɓa shan komai ba in ban da wiwin da ya sha a gidanka a Denver shekara biyu da suka wuce, shi ma a shago mai lasisi kuka saya. Ta yi murmushi ta rubuta. Ashe abin da jiharku ta Colorado ta yarda da shi, gwamnatin tarayya ba ta yarda da shi ba. Baki shi ke yanka wuya, sai dai wannan karon wuyan ɗana ya yanka.

Na gaya wa Terrence abin da na faɗa mata. Daga baya ya ce zai roƙe ka ka ƙaryata ni, ka ce na tsufa na soma ruɗewa, domin sunanka na cikin shaidunsa. Wannan maganar ta yi mini ciwo, amma tsoro ya fi ciwon yawa. Maƙwabcinmu Alvin, wanda ya yi shekara talatin a ma'aikatar, ya ce sau da yawa suna yafe shan da ya wuce, ƙarya ce ba sa yafewa. Ya ce in Terrence ya gyara amsarsa da bakinsa kafin ganawarsa da matar ranar Alhamis mai zuwa, akwai sauran fata. In kuka haɗa baki kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne, har aikin da yake kai yanzu zai iya tafiya.

Na san son da kake masa, shi ya sa nake tsoronka. Don Allah in ta kira ka, ka faɗi abin da ya faru. In Terrence ya yi fushi, ka ce ni na sa ka. Ya riga ya daina ɗaukar wayata, babu abin da ya rage da zai hana ni.

Ka gaishe mini da Odessa, da Renita da mijinta, da ƙaramin Clifton.

Ƙanwarka,
Loretta