Garejina da Jirgin da Amir Yake Ciki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni ne Ari ɗan Kashim, na unguwar Dogo Nini a Potiskum, tsohon sojan ruwa, makanikin ɗakin inji. Ƙafafuna sun kumbura, ƙodata ta gaji da ni, amma kaina garau yake. Wanda yake shakka ya zo ya ja musu da ni ya gani. Wannan wasiyya taku ce ku uku: Kashim mai sunan babana, Falmata, da autana Amir, wanda ya bi sawuna, yanzu shi ne injiniyan wani jirgin ruwan yaƙi a Legas.

A tsorace nake rubutun nan, ba zan ɓoye muku ba. Tsoron kwanciyar kabari kowane musulmi yana da shi. Nawa na biyun shi ne jirgin da Amir yake ciki. Na san jirgin nan, na yi aiki a cikinsa tun gashina yana baƙi, kuma tun a wancan lokaci Kaka muke ce masa saboda tsufa. Lokacin fitar da shi daga ruwa a duba ƙasansa ya yi har ya gota. Wani kamfani da aka ɗauko domin ya nuna yadda za a rage kuɗin kula da jiragen yaƙi ya ba da shawara a ɗage dubawar, a shafa masa fenti ya koma teku bayan babbar Salla. Manya ba su yanke ba tukuna, bakin injiniyan jirgin suke jira. Wato bakin ɗana.

Na ɗaya. Idan ta Allah ta kasance, a gaggauta. Kada a jira na nesa, kada a nemo mini masu kaki da bindiga, na ji ƙarar da ta ishe ni a duniya. Ba a bina bashi. Mahaifiyarku Meram ta zauna a ɗakinta har ƙarshen ranta, wanda ya ɗaga mata hankali ni ya ɗaga wa.

Na biyu. Gidan nan da gonar Gadaka a raba su yadda Allah ya raba, a gaban liman. Falmata, Allah ya yi miki albarka da jinyar da kika yi. Kin hana ni gishiri, kin hana ni kilishi, kin ɓoye mini goro a cikin kwabarki kina zaton ban sani ba. Na yafe, har da kilishin.

Na uku, naka ne Amir. Kada ka ɗauka ina gaba da rage kashe kuɗi. Wallahi na fi kamfanin nan son a rage. Kuɗin sayen jirgi somin taɓi ne. Abin da yake ci daga ranar da aka sa shi a ruwa zuwa ranar da za a yanka shi shi ne babbar dukiya. Na ga asara da idona har na rasa bakin magana. Na ga an sayo jirage daga ƙasashe dabam-dabam, kowanne da irin injinsa, ƙusar wannan ba ta shiga ramin wancan, famfo ya lalace sai an ɗauko Bature a jirgin sama ya zo ya taɓa shi. In ana son sauƙi, a sayi masu inji iri ɗaya, a koya wa yaranmu gyara, a ajiye kayan canji kafin a buƙace su. A sa giris a kan lokaci, a kankare tsatsa tun tana ƙarama. Nan ne kuɗi yake ɓuya. Ka faɗa musu wannan da babbar murya, za su ji, don ba wawaye ba ne.

Amma ƙasan jirgi ba wurin tsimi ba ne. Ka fi ni sanin tubalan nan na farin ƙarfe da muke ce wa zinki, waɗanda ake mannawa a ƙarƙashin jirgi domin ruwan gishiri ya ci su ya ƙyale jikin jirgin. Araha gare su kamar me. Idan suka ƙare ba a canja ba, gishirin ba ya azumi, jikin jirgin zai koma wa, da bututun da ke shigo da ruwan sanyaya inji. Daga sama ba a ganin komai, fenti yana ta ƙyalli. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma kowa ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa. Kada ka yarda Kaka ya fita sai an ɗaga shi ka ga ƙasansa da idonka, ka ƙwanƙwasa da gudumarka.

Abin da ke hana ni sukuni kuwa shi ne na san ka. Kai ɗan gidan nan ne. A gidan nan yaro ba ya ce wa babba a'a, sunkuyar da kai yake yi ya ce to. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma ruwa bai san kunya ba. Ina ganinka a raina tsaye gaban manya, sun tambaye ka ra'ayinka tsakani da Allah, kai kuma nauyinsu ya kama ka, ka ce duk yadda suka gani daidai ne. Ɗana, ba don su ji to suka tambaye ka ba. Akwai 'ya'yan mutane a cikin jirgin nan, kuma kai ne a ƙasa can kusa da ruwa, inda in abu ya faru kai zai fara tararwa.

Na huɗu, naka ne Kashim. Na ji abin da ka ce wa ƙanenka ta waya, har kuka daina gaisawa. Ka ce masa matsoraci, ka ce ya amince a wuce wurin ya samu ƙarin girma, wai ai jirgin ya daɗe a ɗaure a bakin gaɓa yana hutawa, me zai same shi. Kai Kashim! Kai da ko kogin Gadaka in ya cika ba ka yarda ka tsoma ƙafa. Ka iya tirela, ban musa ba, duk tashar garin nan an san ka. Amma tirela in ka ajiye ta ka cire batir ka rufe da tamfal, hutawa take yi. Jirgi ba ya hutawa. A tsaye ma ruwa cinsa yake yi, ya fi ma lalacewa in ba a tayar da injinsa. Ban ga laifinka da rashin sani ba, mutanen tudu ne mu. Laifinka shi ne tura ɗan'uwanka cikin abin da ba ka sani ba. Kai ne babba, kai za ka fara kiransa, kuma tun kafin a share makokina. Falmata, ke ma na ji kin goyi bayan yayanki, kin ce albashin Amir ne ke riƙe da karatun yaran gidan nan. Gaskiya ne. Amma mai rai shi ke karɓar albashi.

Na biyar, kuma wannan roƙo ne, ba umarni ba. Garejina na hanyar Gashuwa, da injinan walda da kayan aikin da ke ciki, ina so ya zama na Amir, ƙari a kan rabonsa na gado. Dalili shi ne ina so ya san yana da wurin dawowa. Mai yiwuwa in ya faɗi gaskiya a yaba masa, mai yiwuwa kuma a ga ya cika taurin kai, girman ya wuce shi, ko ya ga gara ya ajiye aikin. Mutumin da ba shi da madafa bakinsa nauyi yake yi. In ya san akwai gareji a Potiskum, inda tireloli ba sa ƙarewa, zai iya buɗe baki.

Na san hukunci: babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda, kuma liman ya ce mini yardar da ake dogara da ita ita ce ta bayan raina. Wani ya ba ni dabara in rubuta garejin da sunan Munawwara, 'yar Amir, tunda jika ce ba magajiya ba. Na ƙi. Ba zan shiga gidana ta katanga ba. Saboda haka abin yana hannunku, kai Kashim, ke Falmata, da mahaifiyarku, a ranar da ba ni da bakin tsawata wa kowa. Kashim, na san ka yi wa filin nan ciniki a ranka, kana hango sabuwar tirela. Wannan shi ne abin da nake tsoro: za a tambaye ku ina kwance a ƙasa, ba zan ji amsar ba. Don Allah, don darajar iyaye, ku yarda. Ko ina raye ko na tafi, ku kira shi ku gaya masa kun yarda kafin Salla, ba bayanta ba.

Na shida. Ban taɓa ba ku labarin Husaini Joda ba. Bafulatani ne na Ngojin, tare muka shiga aiki, dogo mai dariya, ko a tsakiyar teku maganar shanu yake yi. Wata shekara, a wani jirgin da shi ma aka yi ta ɗage gyaransa, bututu ya fashe a ɗakin inji da rana tsaka. Ruwa ya shigo da ƙarfin da ban iya kwatanta muku. An tsirar da yawancinmu, jirgin ya tafi, Husaini yana ciki. Ni aka aiko in gaya wa mahaifiyarsa. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauko mayafi, ta ce in kai ta inda aka sa shi ta yi masa addu'a. Ina zaune a tabarmarta. Ina zan kai ta? Har ta rasu, duk inda muka haɗu a kasuwa sai ta sake tambayata ko an gano wurin.

Allah ya yi muku albarka, ku da zuriyarku. Allah ya haɗa kanku, ya sa babba ya ji tausayin ƙarami, ƙarami ya ga girman babba. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada fili ko mota su shiga tsakaninku. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ni dai na samu rabona: za ku wanke ni, ku sallace ni, ku san inda kuka ajiye ni. Abin da nake roƙa wa kowannenku ke nan, bayan tsawon rai. Kada ku bari wani ya zo ya zauna a tabarmar Meram ya rasa inda zai kai ta.