Ba A Gado Ruwa Ya Same Shi Ba

Zuwa ga Yaya Jantien, a Zwolle.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gidan aikinki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san iyakar karatuna.

Safiyar Talata ina kwashe laka a ƙofar barga na hango Roelof mawaƙi, mai ido ɗayan nan, yana bi gida-gida. Waƙar ambaliya yake haɗawa, yana karɓar sunayen waɗanda teku ta ci. Ya sami na 'ya'yan maƙwabciyarmu Fenna biyu. Sai ya tambaye ni na Baba.

Yaya, tun da ganuwar da ke tare teku ta fashe Inna ba ta ce uffan ba. Kullum sai ta goge takalman katakon Baba ta ajiye bakin murhu, ta hau ganuwa ta zauna har sanyi ya koro ta. Abinci sai na yi da gaske. Zoben aurenta har zamewa yake yi. Fasto ya ce ba gawa, ba kabari. To ina za mu je mu tsaya mu ce ga Baba nan? Na ce wa Roelof sai na ji daga gare ki.

Ƙanenki, Wiebe.

Ƙanena Wiebe,

Bayan gaisuwa, kada ka kuskura. Waƙar nan ta girme ka, ita kakansa ya rera a ambaliyar zamanin da, sunaye kawai yake sauyawa. Uwar ɗakina ta sayi takardar irinta a kasuwa, wai taimakon waɗanda abin ya shafa. Ta rera, ta share hawaye, ta koma kan shayinta. Ba za a rera ubanmu tsakanin rumfar kifi da ta cuku ba. Kuma ran da Inna ta ji sunansa cikin matattu, ɗan abin da ke riƙe da ita zai tsinke. Ka bar ta da sa ranta.

Allah ya kiyaye ku. Yayarka, Jantien.

Yaya Jantien,

Ina gaishe ki. Na bi maganarki na hana, amma Roelof ya sami sunan a bakin Lubbert mai burodi.

Ranar kasuwa na lallaɓa Inna muka fita sayen wake. Sai ga Roelof tsaye kan ganga, ya ɗora waƙar bisa muryar Zaburar da kowa ya sani, jama'a na amshi. Da ya kira 'ya'yan Fenna ta durƙushe, mata suka rufe ta, kowa na kuka da ita. Sannan ya zo kan sunan Baba, ya ce:

Harm mai shanu na kwance a gado,
Barci ya fara, ruwa ya ƙarasa.

Na kama hannun Inna mu bar wurin. Ta fizge.

"Ƙarya kake, Roelof!"

Jama'a suka juyo. Ya ce, "Haba Griet, ai haka baitin yake tun zamanin kakana."

"To kakanka ne ya mutu a gado, rago! Yaushe Harm ya taɓa bari gari ya waye masa a shimfiɗa? Shanu ya fita saki. Ya sake su duka, saura jar karsana. Ina kan rufi ina kallo, igiyar na hannunsa, ruwa ya tafi da su."

Ashe ta gani, Yaya. Ba dawowarsa take jira a ganuwa ba, gawarsa take jira teku ta maido mata, kuma ita kaɗai ta ɗauki wannan kaya. Roelof ya sauko, ya tuɓe hula, ya ce, "Sake faɗa mini a hankali, Griet." Ta sake faɗa.

Naki, Wiebe.

Wiebe,

Gaisuwa. Kada ka ƙirƙiro labari don ka kwantar mini da hankali. Da gaske Inna ta yi magana? Wa ya ji?

Ina jira. Jantien.

Yaya,

Da fatan kin tashi lafiya. Ta yi. Jiya ma ta ci dankali, har ta ce na cika gishiri. Ta ba ni takalman Baba, sun yi mini yawa, na cusa ciyawa. Ga yadda baitin ya koma:

Harm mai shanu bai gudu don kansa ba,
Igiya a hannu teku ta same shi.

Inna ba ta rerawa, amma duk ranar kasuwa takan je ta tsaya har a wuce baitin, sannan mu dawo gida.

Ki huta lafiya. In kina shakka ki tambayi Lubbert mai burodi, da Fenna, da Hendrikje mai saida cuku, da Fasto kansa, wanda ranar ya tsaya yana saurare kamar kifi yake tayawa, hularsa a hannu.

Ƙanenki, Wiebe.