Sheƙar Da Ban Rubuta A Rajista Ba

Litinin, 6 ga Janairu

Yau aka gabatar mana da sabon shugaban sashen kula da ungulaye. Ƙanin matata ne. Wai Dokta. Yaron da ni na koya masa riƙe madubin hangen nesa, na koya masa bambanta tsohuwar ungulu da 'yar bana. Shekara goma sha huɗu ina tsaye bayan mayanka ina ƙirga ungulu, har mahauta sun manta sunana, sai dai Mai Ungulu. Shi kuwa shekara biyar ya yi a waje, ya dawo da takarda, aka share kujera aka ba shi. Da ya ce, "Yaya, sai fa da taimakonka," na ce Allah ya taya riƙo. A baki ne kawai, ni na sani.

Laraba, 8 ga Janairu

Bakin uwar yara ya ƙi rufuwa. Duk wadda ta shigo gidan nan sai ta sha labarin autansu. Ni aikina ba ta taɓa ba kowa labarinsa ba, iyakarta ta ce in bar takalman a waje, suna wari.

Talata, 14 ga Janairu

Taro tun safe. Dokta ya kunna majigi yana mana bayanin yadda za a riƙa kare sheƙa: a sa ta a rajista, a zagaye bishiyar da jan fenti, a kai wa mai gona takarda. Na kusa dariya. Jan fentin nan ni na ƙirƙiro shi, da gwangwanin da ya rage lokacin da na shafe ƙofar gidana. Yanzu an raɗa masa dogon suna da Turanci. Abin da ya ƙara kawai, ba za a fitar da fenti daga sito ba sai da lambar sheƙa da sa hannunsa.

An liƙa taswira a bango. Sheƙa goma sha ɗaya, kowacce da ƙafata na nemo ta. Sunansa ne a ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Asabar, 18 ga Janairu

Na samu sabuwar sheƙa! Wani rimi a bakin gona, can bayan rafi, inda babur ba ya shiga sai an tura shi. Uwar na kwance, da ta ɗaga na hango kan ɗan tsakon, fari-fari da gashin jarirai. Ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, ga shi ya ƙyanƙyashe lafiya. Na fi awa ɗaya a gindin wata bishiya ina kallo.

A ƙaramin littafina na aljihu na rubuta ta. Ban sa a rajista ba. Wannan dai tawa ce, ba za ta hau taswirar kowa ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na kai Dokta mayanka, shugaban mahauta ya sa aka goge masa benci. Ni shekara goma sha huɗu a tsaye.

Asabar, 25 ga Janairu

Na ƙara samun biyu a gaba da waccan. Uku ke nan a aljihuna. Daɗin da nake ji ba mai kyau ba ne, amma ina jin sa.

Laraba, 29 ga Janairu

Mai gonar ya same ni ina kallon rimin. Dattijo ne mai fara'a. Ya ce masu yankan katako sun zo sau biyu suna zagaya shi, ƙaninsa ma da suke da gonar tare ya matsa a ba su. Na ce kada a taɓa, akwai sheƙa. Ya ɗaga kai ya duba gindin, ya ce, "To ai ban ga ja ba, malam. Mu abin da muka sani, mai ja ba a taɓawa. Ku kuka koya mana."

Ni na koya musu, ba mu ba. Na ce masa fenti na nan zuwa. Amma fenti sai da lamba, lamba sai da rajista, rajista kuwa tana kan teburin Dokta.

Juma'a, 31 ga Janairu

Na ɗauki littafin har ƙofar ofishinsa. Na tarar wata 'yar jarida ta kafa masa abin ɗaukar magana a baki, yana ta zuba: ungulu ce ke kwashe mushe kafin cuta ta yaɗu, guba da masu neman kanta sun kusa ƙarar da ita. Maganganuna ne, har da inda nake tsayawa in ja numfashi. Na mayar da littafin aljihu na juya. Litinin ma rana ce. Rimin da ya shekara ɗari a tsaye ba zai gaza kwana uku ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

An sa hirar a rediyo, na tashi na fita. Uwar yara ta ce wai sau uku ya ambace ni, ya ce ni ne malaminsa. Ita ta ji, ni ban ji ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Sun kayar da rimin jiya.

Tun daga rafi na ga sararin da ya bari. Har sun fara tsaga shi. Mai injin ya ce shi ya zagaya gindin kafin ya fara, bai ga ja ba. Ba ni da bakin yi masa faɗa. Na tsinci ɗan tsakon cikin rassa, yana numfashi, fiffike ɗaya a karkace. Na naɗe shi da rigata, na tuƙo babur da hannu ɗaya.

Dokta ya share takardun teburinsa ya ce in kwantar da shi a nan. Ya kira likitan dabbobi. Sai da ya ajiye waya ya tambaye ni yaushe na gano sheƙar. Da na ce yau, da ya yarda.

Na ce, "Kwana goma sha shida."

Ya daɗe yana kallon tsuntsun, ba ni ba. Ya ce, "Yaya, da ka ce in ba ka kujerar, wallahi da ya fi min sauƙi."

 

Talata, 4 ga Fabrairu

Likita ya ce zai rayu, amma ba zai tashi sama ba har abada. An haɗa masa keji a bayan ofis.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na koma wurin, ban san me ya kai ni ba. Uwar na nan. Tana sauka kan kututturen, ta tashi, ta zagaya, ta sake sauka, maƙoshinta cike da abincin da ta kawo. Na zauna a kan katakon na yi kuka kamar yaro. Dattijon ya hango ni ya canja hanya, Allah ya saka masa.

Har yau Dokta bai gaya wa kowa ba, ko yayarsa. Wannan ma haushi yake ba ni. Mutum ya fi ka karatu, kuma ya fi ka hali.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Sheƙa ta 12 da ta 13 sun shiga rajista tun Juma'a. Ba don shi na yi ba. Yau ni da Dokta muka je da fenti, shi ya goya ni a babur, tuƙinsa kamar na mai koyo. Ya ce sai ya hau tsani ya auna ɗan tsakon da ke sheƙa ta 12 da kansa. Tun a mataki na shida ƙafarsa ta fara rawa, duk digirin nan. Da a makon jiya ne da na samu abin rubutawa shafi guda.

Na dai danne tsanin da ƙirjina, na ce ya daina kallon ƙasa, ina riƙe da shi.